Masaukin Baƙi a Birnin Zariya, Da da Yanzu

Birnin Zariya tun asalinsa mahaɗar hanyoyi ne. Falken da ya taso daga Kano za shi Nupe ko Ilori, da wanda ya nufi Keffi da Nasarawa har ya tuƙe bakin Binuwai a Loko, da wanda ya fito Bauci ya dosa yamma, galibinsu sai sun biyo ta nan. Tsakanin Zariya da Kano wajen mil 100 ne, watau kamar tafiyar mako guda ga ayarin jakuna. Sabo da haka mai zuwa kudu a nan ya ke ƙarasa shirinsa, mai komawa arewa kuwa a nan ya ke fara jin ƙanshin gida. Ga shi kuwa a zamanin da babu otal, babu ɗakin haya, babu banki. Duk da haka baƙi su kan shigo ɗari bisa ɗari, ko wanne ya sami wurin kwana, da abinci, da ma'ajin kayansa, da wanda zai tsaya masa in magana ta taso. Yadda aka yi haka ta yiwu abin lura ne, gama ya nuna irin tsarin da mutanen da su ka yi wa garinsu.

Hulɗar Zazzau da baƙi daɗaɗɗiya ce. Tarihin Kano ya ambaci Sarauniya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438, ko da ya ke waɗansu masana sun fi ajiye ta a ƙarni na 16. Ya nuna Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma a zamaninta kayan yamma su ka fara shigowa ƙasar Hausa. Ko a wane ƙarni aka ajiye ta, labarin ya nuna hanyar goro da hanyar Nupe sun daɗe da sanin Zazzau.

Daga ƙofa

Abin da baƙo ya ke fara hangowa daga nesa shi ne Dutsen Kufena da dogayen rimayen birni, sa'an nan ganuwa, wadda kewayenta ya kai wajen mil 10. Ƙofofinta sanannu ne: Ƙofar Doka, da Ƙofar Kibo, da Ƙofar Jatau, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Galadima, da Ƙofar Bai. Ko wace ƙofa da sarkinta. Shi ke buɗewa da asuba, ya rufe da almuru, shi ke karɓar kuɗin ƙofa a kan kayan fatauci, shi ne kuma idon Sarki a kan mai shiga da mai fita. Ayarin da dare ya yi masa a hanya sai ya kwana a bayan ganuwa, ya jira gari ya waye. Don haka madugun kirki ya kan auna zangonsa na ƙarshe yadda zai iso da sauran rana, ya kuma tura jagaba gaba ya kai labarin isowarsu.

Cikin ganuwa ba gidaje kaɗai ke akwai ba. Akwai gonaki da fadamu da kududdufai, da fili mai yawa, da rafin Kamaca da ya ratsa gari. An bar wannan fili ne domin ranar yaƙi, in an kewaye birni a sami abin ci, amma a kwanakin lafiya ya amfani matafiya ƙwarai, gama dabba ta na samun ruwa da wurin kiwo ba tare da an fita da ita daji ba.

Baƙi kuwa iri iri ne, kuma ko wane iri da hanyar da a ke bi a sauke shi.

Baƙon Sarki

Na farko shi ne baƙon Sarki, watau manzannin sarakuna da manyan mutane. Bayan da Malam Musa ya ci Zariya a 1808, Sarki Makau ya yi kudu, ƙasar Zazzau ta shiga ƙarƙashin Sakkwato, ita kuma ta na da nata ƙasashen da su ke bin ta, kamar Keffi da Nasarawa da Jama'a da Doma da Kauru da Kajuru da Lere da Kagarko. Ko wane sarki daga cikin waɗannan ya na da ƙofarsa a birni, watau wani basarake ko bafade wanda ta hannunsa maganarsa ke isa ga Sarki. In manzo ya zo da gandu ko da takarda, gidan ƙofarsa ya ke sauka. Shi zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi da dokinsa, ya kai shi fada ya yi gaisuwa, ya kuma karɓo masa amsa. Ladan wahalarsa shi ne rabon da ya ke samu daga abin da aka kawo.

Baƙon da ba shi da ƙofa, Sarki ke zaɓa masa masauki a gidan wani daga cikin manyansa. Da ya sauka sai akusan tuwo su fara zuwa, a aiko da rago, a aiko da dawar doki. Shi kuma ya kai tasa gaisuwar gwargwadon darajarsa. Turawan farko duk haka aka sauke su. Kyaftin Clapperton ya iso a 1826 daga Badagiri, ya bi ta Nupe, za shi Kano da Sakkwato. Ya rubuta cewa ya tarad da mutane da yawa a garin waɗanda asalinsu Futa Toro ne da Futa Bundu, can ƙasar Sanagal. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan inda baƙin Zariya su ke fitowa, da yadda su ke zama 'yan gari. Bayansa Dokta Baikie ya zo a 1862, Staudinger Bajamushe a 1885, Robinson kuma a 1894.

Amma fa karamcin fada ya na da sharaɗi, gama baƙon Sarki ba ya tashi sai an sallame shi, ba ya kuma bin hanyar da ba a yarje masa ba. Da Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827, baransa Richard Lander ya juyo, ya yi niyyar ratsawa kudu ya kai Kwara. Ya yi nisa cikin kudancin Zazzau sai mahaya su ka cim masa, su ka komo da shi Zariya bisa umurnin Sarki. Ba a cuce shi ba, an ciyar da shi, daga baya aka sallame shi, amma sai ta hanyar da ya zo ya koma. Haka kuma hakkin baƙo ya na kan Sarki shi kansa. Wazirin Sakkwato shi ne mai duba al'amuran Zazzau, ya kan kuma zo rangadi. Masu tarihi sun ce a tsakiyar ƙarni na 19 Sarki Sidi Abdulƙadir ya hana Waziri shiga birni, wannan na cikin abin da ya sa aka tuɓe shi bai cika shekara guda a gadon sarauta ba.

Falke da mai gidansa

Na biyu, kuma mafi yawa, su ne fatake. Babban ayari ba ya shiga gida. A zango ya ke sauka, inda Sarkin Zango ya ke nuna wa ko wace ƙungiya wurinta, a kafa bukkoki, a sauke mangaloli, a ɗaure jakuna. Madugu shi ke zuwa gaishe da Sarki a madadin kowa, shi ke daidaita abin da za a biya, sa'an nan ya raba wa fatake gwargwadon kayan ko wannensu. Fataken goro na Gwanja, irin su Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa, waɗanda su kan yi watanni da yawa a hanyar Salaga, sun san wannan tsari tun daga gida.

Falken da zai daɗe, ko mai kaya masu tsada, gidan fatoma ya ke nufa, wanda aka fi kira mai gida. Mai gida attajiri ne mai babban gida da ɗakunan baƙi da ɗakin ajiya. Yawanci ko wane mai gida da mutanen ƙasar da ya saba da su, wani na Nufawa, wani na Barebari, wani na Kanawa, har ɗa ya gaji baƙin ubansa kamar yadda ya ke gadon gona. Aikinsa ya wuce ba da ɗaki. Matansa ke dafa wa baƙo abincin dare. Shi ke ajiye kaya da kuɗi. Shi ke gaya wa baƙo yadda kasuwa ta ke, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta in ba ya jin Hausa. Mafi girma duka, shi ke lamuni. Kasuwancin da yawancinsa bashi ne, baƙo kuwa makahon gari ne, bai san mai biya ba, bai san maci amana ba. In mai gida ya ce a ba wane kaya, to, ya ɗauki nauyi ke nan, in mai saye ya gudu shi zai biya.

Abin mamaki ga mutumin yanzu shi ne ba a biyan kuɗin ɗaki. Ribar mai gida ta na cikin la'adar da a ke cirewa in an yi ciniki, wadda ya ke rabawa da dillalansa, da kuma kyautar da baƙo ya kan yi masa ran tafiya. Sabo da haka amfaninsa ya na ɗaure da amfanin baƙonsa. In baƙo ya sayar da kyau, mai gida ya samu, ya kuma tabbata baɗi zai komo, har ya jawo 'yan'uwansa. In kuwa aka cuci baƙo sau ɗaya, labari zai riga shi isa garinsu, gidan nan ya bushe. Jarin mai gida sunansa ne. Abin da ya sa ke nan Bahaushe ya ce da ɗan gari a kan ci gari, ya kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ban da mai gida, sana'o'i da yawa sun rayu a kan matafiya. Da sassafe 'yan mata su kan kewaya zango da koko da ƙosai, da rana fura da nono, da dare tuwo. Masu ciyawa da harawa su na kawo wa dabbobi. Baduku ya na gyaran taiki da waga da takalmi, maƙeri ya na gyaran linzami da wuƙa, wanzami ya na aski da ƙaho ga wanda tafiya ta ƙuntata wa jiki. 'Yan alaro su na jiran wanda jakinsa ya mutu a hanya. Goro kuwa ba ya son sakaci, sai a kwance huhu, a zaɓe ruɓaɓɓe, a yayyafa ruwa, a sake ganye, don haka mai goro ya na bukatar inuwa da ruwa kusa. Har ƙidayar kuɗi sana'a ce, gama wuri a ke ciniki da shi, kuma keso guda, watau wuri 20,000, kayan mutum ɗaya ne. Ran tashi kuma sai a je wurin malami ya duba ranar sa'a, ya yi addu'a. A kasuwa akwai Sarkin Dillalai da Sarkin Pawa da masu awo, ko wanne ya na tsare da sashensa, in gardama ta fi ƙarfinsu a tafi gaban alƙali. In ajali ya sami baƙo, mai gidansa ke yi masa sutura, alƙali ya ƙididdige dukiyarsa, a ajiye har magada su zo.

Kayan da ke ratsa garin sun haɗa da kanwa da gishiri da dawaki da shanu da tufafin Kano masu zuwa kudu, da goro da rigunan Nupe masu zuwa arewa, ga kuma audugar Zazzau da masaƙan Kano su ke nema. Amma tilas a faɗi wani abu mai ɗaci. Cikin abin da a ke kira kaya a ƙarni na 19 har da 'yan Adam. Zazzau ta yi suna wajen kai hari ƙasashen kudancinta, bayi na cikin gandun da ta ke kai wa Sakkwato, kuma kasuwar Zariya na cikin manyan wuraren sayar da su. Gidan da ya shimfiɗa wa falke tabarma, sau da yawa shi ya tsare masa bayinsa a mari kafin ranar ciniki, dillalin da ya sayar da goro ya na da ɗan'uwa mai sayar da mutum. Waɗannan ma baƙi ne a birnin, sai dai ba wanda ya tambaye su ko sun sha ruwa don girmamawa. Dokar 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk wanda aka haifa bayan ranar 1 ga Afrilu ta shekarar, kasuwar ta mutu bayan Turawa sun shiga Zariya a 1902, amma sai a 1936 aka soke bautar ɗungum.

Almajiri da mai niyyar Makka

Na uku su ne waɗanda ba su zo da kaya ba sai allo da gafaka. Zariya ta shahara da ilmi, musamman nahawu da lugga, har malamai da su ka ƙoshi da fiƙihu a garuruwansu su kan zo su ƙaro Larabci a unguwannin malamai irin su Juma da Kona da Kakaki. Masaukin mai neman ilmi zauren malaminsa ne. Ba ya biyan kome, sai dai ya taya noma, ko ya yi ɗinkin hula da aikin riga ya sami na sabulu, maƙwabta kuma su na aiko da ƙwaryar tuwo sadaka. Da yawa daga cikinsu sun zo don shekara biyu, su ka ƙare da aure da gida a unguwar.

Haka nan mahajjata masu tafiyar ƙasa. Kafin jirgin sama, mutumin Nupe ko na Ilori ko na can yamma mai niyyar Makka ya kan ratso ƙasar Hausa ya bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, ya na tafe ya na tsayawa neman guzuri, tafiyar ta ɗauki shekaru. Irin wannan, da duk talakan da dare ya riske shi, masallacin unguwa ya ke nufa. In an idar da sallar lisha liman ko mai unguwa ya tambaye shi daga ina, zuwa ina, sa'an nan a nuna masa zauren da zai kwana. Babban Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, shi ne matattarar kowa ran Juma'a, a nan baƙo ya kan gamu da mutumin garinsu ya ji labarin gida.

Tushen wannan duka addini ne da ginin gida. Shari'a ta sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutum takwas da a ke ba zakka, Hadisi kuma ya nuna liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Zaure kuwa shi ya sauƙaƙa cika wannan umurni, gama ya na bakin gida, baƙo ya kwana a ciki, a fito masa da abinci, bai ga cikin gida ba, bai kuma takura wa matan kulle ba. Amma ba a saukar da mutum a ɓoye. Mai gida ya kan sanar da mai unguwa, in abin ya yi girma mai unguwa ya kai gaba, domin wanda ya sauki ɓarawo shi za a tambaya.

Da jirgi ya zo

Zamanin Turawa ya juya wannan tsari. Da farko Gwamna Lugard ya sa wa ayari kuɗin fito na gwamnati, aka soke shi a 1907. Sa'an nan hanyar jirgin ƙasa da aka faro daga Baro ta ratsa Zariya ta kai Kano a 1911, aka haɗa ta da ta Ikko a 1912. Aka ja ƙaramar hanya daga Zariya zuwa ƙasar kuza ta Jos, wadda ta yi aiki har 1957, aka kuma ja wata ta Gusau ta kai Ƙaurar Namoda a 1929. Zariya ta ƙara zama mahaɗa fiye da da, sai dai mahaɗar ta tashi daga cikin ganuwa. An kafa tasha a arewa, hayin Kubanni, kantunan kamfanoni da injin gurzar auduga su ka zauna kusa da ita. Goron da a ke wahalar watanni a kawo shi a kan jaki ya koma zuwa ta teku har Ikko, jirgi ya hauro da shi cikin 'yan kwanaki. Madugu da jagaba su ka rasa aiki.

Turawa kuma su ka raba baƙi da 'yan gari da gangan. Ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu aka zaunar da su Sabon Gari, wanda da farko ba a hannun Sarki ya ke ba. 'Yan Arewa waɗanda ba Zage-zagi ba aka nuna musu Tudun Wada, a bayan Ƙofar Doka. Su kansu Turawa su ka zauna Bariki, da gidan saukar baƙinsu na gwamnati, En'e kuma ta gina barikin rangadi a garuruwan hakimai. Ko Dokta Miller na mishan, wanda ya zauna cikin birni tun 1905, a 1929 aka mai da aikinsa Wusasa. A waɗannan sababbin unguwanni ne aka fara ɗakin haya da otal da gidan abinci, inda baƙo ke biyan kuɗi ba a tambaye shi ɗan wane ne ba. Da mota ta yi yawa sai tasha ta gaji zango, ɗan kamasho ya gaji wani sashe na aikin dillali. Makarantu su ka jawo wani sabon irin baƙo: Kamfanin Gaskiya a 1945, Kwalejin da aka sani da Barewa da ta komo Zariya a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964. Dukansu a bayan ganuwa su ke.

Wannan rabo ya na da amfani, ya na da hasara. Birni ya tsira da al'adunsa da natsuwarsa, matafiyi kuma ya sami 'yancin sauka inda ya ga dama, ya tashi ran da ya so, ko ya san wani ko bai sani ba. Amma a da baƙo ta cikin gidan ɗan gari ya ke shiga gari, su ci abinci ƙwarya ɗaya, har jikokinsa su zama Zage-zagi, kamar yadda sunan Unguwar Nufawa ya ke shaida. Bayan rabon, sai ya yiwu mutum ya haifu a Sabon Gari, ya tsufa a can, a na kiransa baƙo, bai taɓa zama a zauren kowa a birni ba. Dukiyar da baƙi ke kawowa ita ma ta bi su hayin kogi.

En'e ta wuce da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ganuwa ta zube a wurare da yawa, ƙofofin da su ka rage ba a rufe su da dare. Duk da haka tsohon tsarin bai mutu duka ba. Har yanzu masu neman ilmi su na zuwa zaurukan malaman birni, har yanzu a kasuwannin shanu da na goro da na hatsi a ƙasar Hausa baƙo ya na neman mai gidan da zai tsaya masa, gama banki ya na ajiye kuɗi, amma ba ya shaidar halin mai saye. Ran hawan salla kuma, da hakimai su ka shigo da jama'arsu, gidajen birni su kan cika da baƙi kamar yadda su ka saba tun zamanin kakanni. Allah ya ƙara wa masu saukar baƙi budi, ya kai ko wane matafiyi gida lafiya.